Na'urar Gano Iska Mai Haɗari da Haƙƙin Mai Shiga Rami

Akwai wani labari da kusan kowace shekara sai mun ji shi a rediyo, kuma da fasali ɗaya yake zuwa. Mutum ya shiga rijiya ko ramin masai domin ya yashe shi, aka kira sunansa aka ji shiru, sai ɗan'uwansa ya sauka ya ga abin da ya same shi, shi ma aka ji shiru, sai na uku ya kama igiya ya bi su. Kafin jami'an kashe gobara su iso, gida ɗaya ya yi rashin mutum biyu ko uku. A wurin zaman makoki wasu za su ce rijiyar tana da aljanu, wasu su ce kwana ne ya ƙare, daga nan a rufe magana har sai an sake jin irinta a wani gari. Wannan jerin mutuwa ba mu kaɗai muke ganin sa ba. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a rufaffun wurare irin su tanki da rami da magudana, mutane ne da suka shiga da niyyar ceto wani.

Ra'ayina shi ne, yawancin waɗannan rayuka ana iya tsare su da wata na'ura da ba ta kai girman tafin hannu biyu ba, wadda take auna iskar wuri kafin mutum ya shaƙe ta. Bai kamata a bar mallakar wannan na'ura ga kamfanonin mai da manyan masana'antu kaɗai ba, kuma inda aka mallake ta, bai kamata a ɗauka cewa sayen ta ya wadatar ba. Wanda ya san yadda take aiki zai gane dalilin da ya sa na ce haka.

Abin da ya fi cutar da ma'aikatanmu shi ne yarda da hanci. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kashi 20.9 cikin 100. A cikin tankin ƙarfe da ya daɗe a rufe tsatsa na cinye oksijin, a cikin rami ruɓaɓɓen ganye da ƙazanta na cinye shi, kuma ƙarancinsa ba shi da wari ko launi. Mutum zai ji jiri, hankalinsa ya dushe, ƙarfin hannunsa ya tafi alhali yana tsakiyar tsani. Iskar kabon monoksaid, wadda injin fetur ke fitarwa, ita ma ba ta da wari, kuma tana manne wa jinin mutum fiye da yadda oksijin ke manne masa sau ɗari biyu ko fiye. Duk wanda ya zura injin jan ruwa mai amfani da fetur cikin rijiya, ko ya kunna janareto a ɗakin ajiyar kaya ya rufe ƙofa, ita yake tarawa. Mafi yaudara a cikinsu ita ce haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke tasowa daga masai da kwatami da rijiyoyin mai. Idan kaɗan ce hanci yana jin ta sosai. Idan ta kai kimanin kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya ɗauka warin ya wuce a daidai lokacin da haɗarin ya ƙaru. Idan ta kai kashi 700 zuwa 1,000 cikin miliyan, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Shi ya sa wanda ya sauka ceto yake faɗuwa kusa da wanda ya je ɗaukowa.

Magabatanmu masu haƙar rijiya ba su jahilci wannan ba. Sukan zura fitila a igiya kafin su sauka, idan ta mutu su san ƙasan ba lafiya. Dabara ce mai hikima, domin harshen wuta yakan mutu idan oksijin ya yi ƙasa. Amma fitila za ta ci gaba da ci lafiya lau a cikin iskar da ke ɗauke da gubar da za ta kashe mutum cikin mintuna, kuma idan ramin na da iska mai kamawa da wuta, fitilar ce za ta tayar da gobarar. Masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe suna fama da wannan matsala. Humphry Davy ya ƙera musu fitila mai ragar ƙarfe a 1815 don kada harshenta ya kunna iskar ramin, daga baya kuma masanin numfashi John Scott Haldane ya ba da shawarar a riƙa shiga da ƙananan dabbobi, saboda guba tana kayar da su kafin ta kayar da mutum. Haka tsuntsun kanari ya zama abokin aikin masu haƙar kwal, kuma sai a 1986 aka daina amfani da shi a ramukan Birtaniya, bayan na'urorin lantarki sun karɓi aikinsa.

Na'urar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce mai auna abu huɗu a lokaci ɗaya, wadda ake maƙalawa a ƙirjin riga. A fuskarta za a ga O2 da CO da H2S da LEL. Uku na farko su ne oksijin da gubobin nan biyu da na ambata. Na huɗun yana nufin mafi ƙarancin adadin gas da zai iya kamawa da wuta idan ya gauraya da iska. Ga iskar metan, wadda ita ce mafi yawa a gas ɗin da ake turawa ta bututu, wannan iyaka kashi 5 cikin 100 ce, kuma tana ci gaba da kamawa har zuwa kashi 15. Ga gas ɗin girki na tukunya iyakar ba ta wuce kimanin kashi 2 cikin 100 ba. Ana saita na'urar ta yi ƙara tun gas ya kai kashi ɗaya bisa goma na wannan iyaka, wato tun da sauran tazara mai yawa kafin tartsatsin walda ko makunnin lantarki ya iya tayar da wuta. Ana kuma saita ta ta yi ƙara idan oksijin ya sauka ƙasa da kashi 19.5.

A cikin wannan ƙaramin akwati akwai ma'aunai dabam-dabam, kowanne da hanyarsa. Mai gano gas mai kamawa da wuta, a tsohon tsarin da har yanzu ya fi yawa, wasu ƙananan duwatsu ne guda biyu, kowanne bai fi ƙwayar gero ba, kuma a cikin kowanne akwai siririyar wayar filatinam da batir ke ɗumamawa zuwa zafin da ya haura digiri 400. An shafe ɗaya da sinadarin da ke sa gas ya ƙone a jikinsa, ɗayan kuma an bar shi haka don a riƙa kwatantawa. Idan gas ya shigo sai ya ƙone a kan na farkon, zafinsa ya ƙaru, yadda lantarki ke ratsa wayarsa ya canza, na'urar ta auna bambancin da ke tsakanin duwatsun biyu ta mayar da shi lamba. An rufe su da wani matsattsen ƙarfe mai ƙananan ƙofofi, wanda ke barin iska ta shiga amma ba ya barin wuta ta fita. Akwai sabon tsari mai amfani da hasken infared, wanda ido ba ya gani. Ana haska shi ta cikin iskar, gas irin su metan da gas ɗin girki su shanye wani ɓangare nasa, a auna abin da ya ragu. Wannan ya fi tsada, amma ba ya bukatar oksijin kafin ya yi aiki, kuma idan fitilarsa ta mutu na'urar tana sanar da mai ita. Rauninsa shi ne ba ya ganin iskar haidirojin zalla, wadda ita ma take kamawa da wuta. Masu gano guba kuwa wasu ƙananan batura ne masu ruwan sinadari a ciki. Gubar tana ratsa wata siririyar fata, ta haɗu da ƙarfen da ke ciki, haɗuwar ta haifar da ɗan lantarki, kuma gwargwadon yawan gubar gwargwadon ƙarfin lantarkin.

Na tsaya a kan wannan bayani ne domin a cikinsa babban haɗarin yake. Duk waɗannan ma'aunai suna iya mutuwa ba tare da sun nuna alama ba, kuma mataccen ma'auni sifili yake nunawa, irin sifilin da lafiyayye ke nunawa a iska mai tsabta. Duwatsun nan masu zafi, tururin silikon da ke cikin man goge mota da wasu gam da feshi yana iya rufe fuskarsu har su daina ƙona gas. Idan kuma oksijin ɗin wurin ya yi ƙasa da kimanin kashi 10 cikin 100, ba za su iya ƙona gas ɗin ba ko da ya cika wurin, sai su nuna adadi kaɗan. Saboda haka ne ƙa'idar aiki ta ce a fara duba oksijin, sannan gas mai kamawa da wuta, sannan guba. Ma'aunin oksijin na tsohon tsari yana da dalma a ciki wadda ke cinyewa ko ana aiki da na'urar ko tana ajiye a durowa, shi ya sa ba ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu. Masu ruwan sinadari kan yi shekara biyu zuwa uku, kuma yanayinmu yana rage musu kwana: busasshiyar iskar hunturu tana ƙafar da ruwansu, ƙura tana toshe ƙofofinsu, zafin motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram yana iya wuce abin da maƙeransu suka ƙayyade.

Maganin wannan abu ne mai sauƙi, amma yana bukatar ɗa'a. Kafin a fara aikin kowace rana, a fesa wa na'urar ɗan gas da aka san adadinsa daga ƙaramar tukunyar gwaji, a tabbatar kowane ma'auni ya motsa kuma ƙararrawa ta yi ƙara. Wannan bai fi minti ɗaya ba. Bayan wasu watanni, gwargwadon abin da maƙerin ya faɗa, a sake daidaita ta gaba ɗaya a rubuta ranar. A ganina kamfanin da ya raba wa ma'aikata na'urori bai sayi tukunyar gwaji ba ya ƙara jefa su cikin haɗari, domin wanda ba shi da komai yana shiga rami da tsoro da taka-tsantsan, wanda kuwa ke sanye da matacciyar na'ura yana shiga da natsuwar da ba ta da tushe.

Wurin da aka ajiye na'urar ma yana da muhimmanci kamar lafiyarta. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka idan ya tsiyaya ƙasa yake bi, ya kwanta a kwata da rami da ƙarƙashin mota. Metan ya fi iska sauƙi, sama yake tashi ya taru a ƙarƙashin rufi. Wanda ya kafa ma'aunin gas ɗin girki kusa da silin don ya yi kyau a ido, ko ya kafa na metan kusa da daɓe a garejin da ake sanya wa motoci tukunyar CNG, wato metan da aka matse don motoci su yi aiki da shi, ya yi asarar kuɗinsa. Haka nan wanda zai shiga tanki ko rijiya, dole ya zura siririn tiyo mai famfo ya auna sama da tsakiya da ƙasa, ya ba iskar lokaci ta iso ta cikin tiyon, domin bakin rami yana iya zama lafiya alhali ƙasansa cike yake da guba.

Wani zai ce wannan duk magana ce ta yankin Neja Delta da matatun mai, mu me ya haɗa mu da ita. Abin da ya haɗa mu yana da yawa, kuma ƙaruwa yake yi. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano suna amfani da sinadarin salfaid wajen cire gashin fata, kuma idan ruwan wannan aiki ya haɗu da ruwa mai tsami a magudana ɗaya, haidirojin salfaid ke tashi, leburan da aka tura ya buɗe toshewar kwata shi ne zai fara shaƙar ta. Matatun ruwan sha suna ajiye tukwanen kulorin, iska mai guba da ake tsabtace ruwa da ita. A watan Yulin 2015 kulorin ya ɓalle a matatar ruwa ta Lamingo da ke Jos, mutum 8 suka rasu, aka kwantar da mutane da dama daga unguwannin da ke kewaye. Shagunan ɗura gas ɗin girki sun cika unguwanni, wasu jikin gidajen kwana, wasu kusa da mai shayi ko mai walda. A ranar 4 ga Janairun 2020 gas ya fashe a wani irin wannan shago a Sabon Tasha da ke Kaduna, kuma cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya. Tun bayan cire tallafin fetur a 2023 gwamnati ke ƙarfafa mayar da motoci su koma amfani da CNG, ga kuma bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ina goyon bayan zuwan gas, domin masana'antun Arewa suna bukatar makamashi kuma dazuzzukanmu sun gaji da sara. Amma idan bututu ya iso kafin ilimin kula da shi, mutanen da ba su san komai a kan lamarin ba su ne za su biya kuɗin jinkirin.

Masu sayar da gas sukan ce ai gas yana da wari, duk wanda ke kusa zai ji. Warin nan zuba shi ake yi da gangan, kuma al'adar ta ƙarfafa ne bayan fashewar da ta auku a wata makaranta a garin New London na jihar Texas a 1937, inda gas marar wari ya taru a ƙarƙashin gini ya kashe ɗalibai da malamai kusan 300. Warin yana da amfani ƙwarai, amma ba ya faɗin yawan gas ɗin. Yaron shago da ya wuni cikinsa hancinsa ya saba, kuma da tsakar dare bayan an kulle shago babu hancin da ke gadi. Kafaffen ma'auni da aka haɗa da ƙararrawa da makullin da ke datse gas da kansa ba ya barci.

Ƙorafi na gaskiya shi ne na tsada, kuma ba zan raina shi ba. Daga waje ake shigo da na'urorin da ma'aunansu da tukwanen gwajinsu, da dala ake biya, tukwanen kuma suna da wa'adin lalacewa. Mai haƙar rijiya da ke aiki da diga da guga ba zai iya saye ba, kuma duk dokar da ta ce sai ya saya takarda ce kawai. Amma ba kullum yake bukatar ta ba, kuma ba lalle ne ya mallake ta shi kaɗai ba. Ofisoshin kashe gobara, waɗanda su ne ake kira su ciro gawa daga rijiya, sun fi dacewa a ba su na'urori da injin hura iska, a kuma buɗe ƙofa ga duk mai shirin yasar rijiya ko masai ya kira su su auna kafin a sauka, kyauta ko da kuɗi kaɗan. Ƙungiyoyin masu wannan sana'a za su iya haɗa hannu su mallaki guda ɗaya ko biyu. Kwalejojin fasaha na Kaduna da Kano da sauransu suna da sassan lantarki da sinadarai da za su iya horar da matasa gyara da daidaita waɗannan na'urori, don kada mai masana'anta a Gusau ko Maraɗi ya riƙa aika tasa wani gari mai nisa ya zauna makonni babu ita. Ga manyan kamfanoni kuwa, zancen tsada ba hujja ba ne, domin kuɗin na'ura bai kai na tayoyin babbar mota 'yan ƙwarori ba a lissafin shekara.

Dokoki suna nan. Dokar masana'antu ta 1987 ta yi magana a kan shiga wuraren da ake tsoron tururi mai haɗari, sai dai tarar da ke cikinta da darajar kuɗin wancan zamani aka rubuta ta, kuma ba ta kai ga mai yasar masai da ake ɗauka aikin yini ba. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke ba tashoshin gas lasisi. Abin da nake roƙon masu dubawa shi ne su daina gamsuwa da ganin akwati a bango. Su nemi littafin gwaji, su duba ranar daidaitawa ta ƙarshe, su sa a fesa gas ɗin gwaji a gabansu su ji ƙarar da kunnensu. Kamfanonin inshora ma suna da ikon sanya wannan a sharaɗinsu. Malamai da limamai kuma suna da rawar takawa, domin sun daɗe suna karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, kuma huɗuba ɗaya da za ta ce wa jama'a kada wanda ya bi wani cikin rami ba tare da an auna iskar an hura sabuwa ba, za ta isa kunnuwan da takardar gwamnati ba ta isa.

Duk da haka na'ura sanarwa kawai take yi, mutum ne ke yanke hukunci. A dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke cikin Tekun Arewa, kusa da Birtaniya, daren 6 ga Yulin 1988, ƙararrawar gas ta yi ƙara jim kaɗan kafin fashewar farko, amma kuskuren ya riga ya auku tun lokacin da aka kunna famfon da masu aikin rana suka cire wa bawul ɗin kariya, saboda bayanin bai isa ga masu aikin dare ba. Mutum 167 suka mutu a wurin da yake cike da kayan aiki na zamani. A wurarenmu raunin ya fi kusa da cikin ma'aikaci. Leburan da ake biya da yini, wanda ya san cewa idan ya fito daga tanki saboda ƙararrawa za a ce ya ƙi aiki a hana shi kuɗin ranar, zai koyi kashe ƙarar ko ya bar na'urar a bakin rami ya sauka. Don haka duk wata yarjejeniyar aiki a tanki ko magudana ko tashar gas ya kamata ta ƙunshi magana ɗaya a rubuce, a kuma karanta wa ma'aikata ita da harshen da suke ji: idan na'ura ta yi ƙara kowa ya fito, babu mai komawa sai an hura iska an sake aunawa, kuma sa'o'in da aka yi ana jira za a biya su kamar sa'o'in aiki.